Sojojin Dalma da Ladabin Shan Kaye

A watan Disamban 2024, wani kamfani da ke birnin Nottingham na Ingila ya shiga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannayen jari ta Landan, ya zauna sahu ɗaya da bankuna da kamfanonin mai da na magunguna. Sunansa Games Workshop, hajarsa kuwa 'yan ƙananan sojoji ne na roba, waɗanda yawancinsu ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. A kwali ake sayar da su, gaɓa-gaɓa, ba a haɗa ba, ba a yi musu fenti ba. Mai saye ne zai yanke su, ya manne su da gam, ya shafe darare yana yi musu launi da buroshi mai siririn baki, sa'annan ya kwashe su zuwa wani ɗaki inda wani yake jiransa da tasa rundunar, su gwabza a kan tebur.

Wanda ya ji wannan labari karo na farko yakan yi murmushi, ya ce aikin ƙoshi ke nan, magidanta da furfurarsu sun koma wasan yara. Hukunci ne mai sauƙin yankewa, sai dai ya tsallake wurin da ya fi cancanta a duba. Kamfanin da ribarsa saman labarin ne kawai. Gindinsa yana cikin ƙananan kulob-kulob da ke haɗuwa da maraice sau ɗaya a mako, a ɗakunan taron unguwa, da zaurukan coci-coci, da bayan shagunan sayar da kayan wasa, a garuruwan Birtaniya da Amurka da sauran ƙasashen Turai. A irin waɗannan ɗakuna ne babban mutum yake gwajin wani abu da ofis da makaranta ba safai suke koyarwa ba: ya tsara shiri da iyakar hankalinsa, ya ga shirin ya rushe a gaban shaida, ya karɓi sakamakon ba tare da ya taɓa shi ba, ya kuma dawo mako mai zuwa ya zauna da wanda ya kayar da shi. Wannan ɗabi'a ita ce ta sa wasan ya cancanci a kare shi, duk da aibobin da yake da su.

Yadda ake yaƙi a kan tebur

Filin dagar tebur ne, galibi mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 4. Ana shimfiɗa masa ƙyalle kore ko ruwan ƙasa, a jera tuddai da bishiyoyi da kogi da kangon gidaje, waɗanda 'yan kulob suka ƙera da kwali da katako da soso. Sojojin suna zuwa da girma iri-iri. Mafi shahara shi ne mai tsawon milimita 28, akwai kuma na 15, har da na 6 wanda ake iya jera ɗaruruwansa a tebur ɗaya. A da, da dalma ake zuba su. Yau roba ta fi yawa. Wasu 'yan wasan tarihi suke bi, su maimaita yaƙe-yaƙen Rumawa ko na Napoleon ko Yaƙin Duniya na Biyu. Wasu kuma duniyar almara suka fi so, irin ta Warhammer da ya fito a 1983, da Warhammer 40,000 da ya biyo bayansa a 1987.

Kafin a fara, ana daidaita ƙarfin ɓangarorin biyu. Kowane rukunin soja yana da maki gwargwadon ƙarfinsa, sai a amince cewa kowa zai zo da runduna ta maki kaza. Daga nan sai a riƙa karɓa-karɓa. Mai wasa yana auna tafiyar sojojinsa da tef irin na tela, domin littafin dokoki ya ƙayyade inci nawa dakarun ƙasa za su iya tafiya, da inci nawa mahaya za su yi. Idan aka zo harbi ko arangama, sai a koma ga 'ya'yan ludo masu fuska shida. Wasa ɗaya yakan ci awa biyu ko uku.

A wurin 'ya'yan ludon nan ne darasin farko yake. A ɗauka sojoji 10 sun yi harbi, doka kuma ta ce sai an jefa 3 ko sama da haka kafin harbi ya samu abokin gaba. Fuska huɗu ke nan cikin shida, wato biyu bisa uku. Waɗanda suka samu, sai an sake jefa 4 ko sama kafin su yi rauni, wato rabi. Sa'annan wanda aka harba yana da damar jefawa domin sulkensa, idan ya sami 3 ko sama ya tsira, saboda haka ɗaya bisa uku ne kawai zai faɗi. In an haɗa lissafin, kowane harbi yana da damar ɗaya cikin tara ta kayar da mutum. Harbi 10 zai kayar da kimanin mutum ɗaya a matsakaici, kuma kusan sau ɗaya cikin uku ba zai kayar da kowa ba.

Sabon shiga yakan ɗora duk shirinsa a kan wannan harbi, idan ya tashi a banza sai ya ce ba shi da sa'a. Wanda ya daɗe a teburin ya san cewa abin da yake faruwa sau ɗaya cikin uku ba abin mamaki ba ne, abu ne da ya kamata a yi masa tanadi. Saboda haka yakan ajiye wasu sojoji a baya, ya tambayi kansa inda zai dosa idan harin bai ci ba. A hankali yake koyon rarrabe abubuwa biyu da mutane da yawa suke cakuɗawa har a manyan ofisoshi: kyakkyawar shawara da kyakkyawan sakamako. Ana iya yanke shawara mai kyau a sha kaye, ana kuma iya yin ganganci a yi nasara. Wanda bai rarrabe su ba, duk ranar da gangancinsa ya ci, sai ya ɗauke shi hikima.

Daga barikin Purushiya zuwa ɗakin taron unguwa

Wannan wasa bai fara a matsayin nishaɗi ba. A 1824, a daular Purushiya, wadda daga baya ta zama ƙashin bayan Jamus, wani matashin hafsan sojan igwa mai suna Georg von Reisswitz ya wallafa dokokin wani wasa da ya gyara daga wanda mahaifinsa ya ƙirƙira. Sunansa Kriegsspiel, wato wasan yaƙi da Jamusanci. A kan taswira ta gaskiya ake yin sa, da 'yan gutattakin dalma ja da shuɗi a madadin rundunoni. Kowane zagaye yana wakiltar minti biyu na yaƙi. Hafsoshi suna rubuta umarni su miƙa wa alƙalin wasa, shi ne yake motsa rundunonin, yake kuma faɗa wa kowane ɓangare abin da sojojinsa za su iya gani kawai. Da aka gwada shi a gaban Janar Karl von Müffling, shugaban hafsoshin ƙasar, ya ɗauke shi horo ne na yaƙi, ya ba da shawarar a yaɗa shi cikin dukan rundunar. Bayan Purushiya ta ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, rundunonin wasu ƙasashe suka shiga kwaikwayon wasan.

Wanda ya fito da shi daga bariki zuwa falon farar hula shi ne marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, a littafinsa Little Wars na 1913. Dokokinsa masu sauƙi ne. Ana jera sojojin wasan yara a ƙasa, ana auna tafiya da zare, ƙafa ɗaya ga dakaru, ƙafa biyu ga mahaya, ana kuma harba ɗan guntun katako daga igwar wasa mai sifirin. Sojan da ya faɗi ya mutu. Wells mai ƙin yaƙi ne, kuma ya rufe littafin da hujjar cewa duk wanda ya yi ƙaramin yaƙi sau uku ko huɗu zai gane irin shirme da ruɗanin da babban yaƙi yake ƙunshe da shi. Shekara ɗaya bayan haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke.

Kulob irin na yau kuwa ya samo asali ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A Amurka, Jack Scruby ya fara zuba sojojin dalma masu araha, ya kuma fara wata mujalla a 1957 wadda ta haɗa masu sha'awar da ke warwatse. A Southampton ta Ingila, Donald Featherstone, masanin gashin ƙashi wanda ya yi yaƙin a rundunar tankoki, ya wallafa littafin War Games a 1962, ya kuma shafe shekaru yana fitar da wata 'yar jarida da ta sa mutanen garuruwa daban-daban suka san da juna. Daga nan kulob-kulob suka yi ta tsirowa. Har yau, ɗaya daga cikin manyan bukukuwan baje kolin wannan wasa a Birtaniya, wanda ake kira Salute ana kuma yin sa a zauren ExCeL na Landan, wani kulob ne mai suna South London Warlords yake shirya shi da 'yan sa-kai daga cikin membobinsa.

Manyan hafsoshi biyu, tebura biyu

Domin a ga cewa ladabin shan kaye ba ƙaramin abu ba ne, ya isa a dubi abin da ya faru a tebura biyu a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda rayukan dubban mutane suka rataya a kan yadda manya suka karɓi hukuncin wasa.

A farkon watan Mayun 1942, manyan hafsoshin rundunar ruwan Japan suka taru a cikin jirgin yaƙi Yamato domin gwada shirinsu na kai hari tsibirin Midway. Kamar yadda hafsoshin Japan biyu, Mitsuo Fuchida da Masatake Okumiya, suka rawaito bayan yaƙin, an kai wani matsayi a wasan inda jiragen saman Amurka suka kai hari, alƙali ya jefa 'ya'yan ludo, sakamako ya nuna bama-bamai tara sun samu, manyan jirage biyu masu dakon jiragen sama, Akagi da Kaga, sun nutse. Sai Admiral Matome Ugaki, wanda yake shugabantar zaman, ya rage tara zuwa uku, Akagi ya tsira. Kaga da ya nutse ma, can gaba a wasan sai ga shi ya dawo fage. Masana tarihi sun nuna cewa a kan wannan harin kansa Ugaki yana da hujja, domin a ainihin yaƙin manyan jiragen saman da suka taso daga tsibirin ba su sami jirgi ko ɗaya ba. Aibin yana cikin ruhin da aka yi zaman da shi. An zo ne domin a tabbatar da shirin da aka riga aka amince da shi, saboda haka ko tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wato abin da za a yi idan jiragen Amurka masu dakon jiragen sama suka ɓullo daga gefe ba zato, ba a tsaya an ba ta amsa ta gaske ba. A watan Yuni abin da ya faru ke nan. Japan ta rasa irin waɗannan jirage huɗu, har da Akagi da Kaga.

A shekarar ce kuma, a birnin Liverpool, rundunar ruwan Birtaniya ta kafa wani ƙaramin sashe ƙarƙashin Kyaftin Gilbert Roberts, wanda ciwon tarin fuka ya sa aka sallame shi daga aiki kafin yaƙin. Jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suna ta nutsar da ayarin jiragen da ke kawo wa Birtaniya abinci da makamai ta Tekun Atlantika. Roberts da wasu 'yan mata ma'aikatan rundunar suka mayar da daɓen wani ɗaki teku, da alli da zare da ƙananan jirage na katako. Hafsoshin da suka zo horo ana tsayar da su bayan labule mai 'yar ƙofa, don kada su ga fiye da abin da za su gani daga jirginsu. Admiral Max Horton, kwamandan yankin, wanda shi kansa gwarzon jirgin ƙarƙashin ruwa ne a yaƙin farko, ya zo gwada wata sabuwar dabarar farautar jiragen Jamus, ya ɗauki matsayin kwamandan jirgin abokan gaba. Sau biyar yana ƙoƙarin kuɓuta, sau biyar ana nutsar da shi. Da ya nemi ganin wanda ya kayar da shi, sai aka fito da wata matashiyar ma'aikaciya mai ƙaramin muƙami. An ce abin bai yi masa daɗi ba, amma dabarar ta shiga cikin umarnin da aka raba wa jiragen rakiya. Kafin ƙarshen yaƙin, hafsoshi kimanin 5,000 sun bi ta wannan ɗaki.

Duka manyan biyu suna da ikon soke hukuncin tebur. Ɗaya ya yi amfani da ikon, ɗaya ya haɗiye fushinsa ya bar hukuncin ya tsaya. Sai an gwada akan san na ƙwarai, amma gwajin da babba zai iya gyara sakamakonsa duk lokacin da ya ga dama ya daina zama gwaji.

Abin da kulob yake ƙarawa

Ana iya cewa wasannin yaƙi na kwamfuta suna koyar da wannan darasi da sauƙi da araha. Suna koyar da lissafin, amma akwai abubuwa biyu da suka rasa.

Na farko shi ne amana. A wasan kwamfuta na'ura ce take auna tazara, take jefa ƙuri'a, take hana maguɗi, saboda haka ba a bukatar gaskiyar ɗan wasa. A wasan mako-mako na kulob kuwa galibi babu alƙali. Mutum da hannunsa yake riƙe tef, kuma rabin inci yana iya raba nasara da kaye. Shi ne zai faɗi ko sojansa yana hango na abokin karawarsa ta bayan bango. Idan ɗan ludo ya faɗa ƙasa ko ya jingina da tudu, su biyun ne za su amince ko a sake jefawa. Littattafan dokokin ma ba su iya rufe kowace kafa, shi ya sa da yawansu suke ba da shawarar cewa idan an rasa matsaya a jefa ɗan ludo a ci gaba, a bar muhawara sai bayan wasa. A kulob mai kyau, abin yabo ne mutum ya tuna wa abokin karawarsa wata doka da ya manta, ko da tunin zai jawo masa asara. Kowane wasa yana ɗauke da ƙananan damammaki masu yawa na cuta da ba wanda zai gani, kuma ginshiƙin wasan shi ne a ƙi amfani da su.

Na biyu shi ne maimaici. A intanet mutum yakan zagi abokin wasan da ba zai sake gani ba, ko ya kashe na'ura idan ya ga kaye ya doso. A kulob mai mutum ashirin ko talatin, wanda aka cuta yau shi za a tarar mako mai zuwa. Mai ja da tef, da mai fushi idan ya faɗi, da mai gori idan ya ci, ba a korarsu da takarda; a hankali kawai suke rasa wanda zai yi wasa da su. Horo ne marar hayaniya, irin wanda duk wanda ya san zaman majalisar ƙofar gida zai gane: wurin da ba a rubuta dokokinsa ba, amma kowa ya san wanda ake matsa wa a ba shi wuri a tabarma da wanda ake yin shiru idan ya iso.

Masanin zamantakewa Ray Oldenburg, a littafinsa na 1989, ya kira irin waɗannan wurare wuri na uku, bayan gida da wurin aiki, inda muƙami ba ya shiga da mutum. A 2000 Robert Putnam ya nuna yadda ƙungiyoyin sa-kai suke ta raguwa a Amurka. A 2018 gwamnatin Birtaniya ta kai ga naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici. A irin wannan yanayi, ɗakin da yake tara direban bas da lauya da ɗalibi da ɗan fansho a tebur ɗaya na tsawon awa uku, ido da ido, yana yin aikin da hukuma ba ta iya yi da kasafin kuɗi. Zumunci a ƙafa yake, wasan kuwa yana ba mutanen da ba su iya hira don hira ba dalilin tashi su je.

Ƙorafe-ƙorafe masu nauyi

Akwai abubuwan da masu sukar wasan suke faɗa waɗanda ba a kawar da su da murmushi.

Mafi nauyi shi ne cewa yaƙi ba abin wasa ba ne. Ga wanda ya taɓa gudu daga garinsa ko ya binne ɗan'uwa saboda rikici, mutanen da suke jefa 'ya'yan ludo suna dariya a kan wanda ya mutu da wanda ya rayu abin ƙyama ne. Ƙorafin yana ƙara kaifi idan aka zo reshen wasan da yake maimaita yaƙe-yaƙen mulkin mallaka, wanda yake da masoya da yawa a Birtaniya: yaƙin Zulu na 1879, da yaƙin Omdurman na Sudan a 1898, inda aka kashe mayaƙan Mahadi dubu goma ko fiye, alhali matattun rundunar Kitchener ba su kai 50 ba. Mai karatu da ya san abin da ya faru a Kano da Sakkwato a farkon 1903, da kuma Burmi a watan Yulin shekarar, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya faɗi tare da ɗaruruwan mutanensa, sauran suka nausa gabas har wasu suka kafa garin Mai Wurno a Sudan, ba zai kalli irin wannan tebur da idon ɗan Nottingham ba. Abin da yake maraicen nishaɗi ga wani, tarihin kakanni ne ga wani.

Amsar gaskiya ita ce ƙorafin yana da gaskiya a wani ɓangare. Tebur yana nuna dabara, yana ɓoye azaba. Babu kukan marayu a kansa, babu ƙauyen da aka ƙone. Wasu dokokin ma sun gaji kallon ɗan mulkin mallaka, inda Bature yake da suna da muƙami, mutanen ƙasa kuwa taro ne kawai da ake ƙirgawa. Amma akwai wani ɓangaren. Wasa ba ya yiwuwa sai wani ya zauna a ɗaya gefen teburin yana neman nasara da gaske. Wanda aka ba rundunar Mahadi ko ta Zulu dole ya yi tunani irin na shugabanninsu: yadda za a kusanci bindigogin abokan gaba, inda za a yi kwanto, ko dare ya fi rana. Mutane da yawa ta wannan ƙofa suka fara karanta tarihin waɗanda littafin makarantarsu ya ambata a layi ɗaya. Ko teburin zai zama wurin fahimta ko wurin murnar cin zali, ya dogara ne ga tarbiyyar kulob ɗin. Tarbiyyar kuwa sai an tsare ta. A 2021, bayan wani ɗan wasa ya halarci gasa a Sifaniya da alamomin 'yan Nazi a tufafinsa, Games Workshop ya fitar da sanarwa yana nesanta kansa daga masu aƙidar ƙiyayya. Sanarwar kamfani ba ta tsare ƙofa. Mutanen da ke cikin ɗakin ne suke yanke wanda zai zauna.

Ƙorafi na biyu kuɗi ne. Cikakkiyar runduna ta Warhammer 40,000 tana cin ɗaruruwan fam, kamfanin kuma yana sabunta dokokin kusan duk shekara uku, kamar yadda ya yi a 2017 da 2020 da 2023, abin da yake sa a sake sayen littattafai, wani lokaci ma rundunar da aka sha wahalar fentinta ta rage ƙarfi. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne dalilin da ya sa bai kamata a ɗauki kamfanin a matsayin wasan ba. Dokokin De Bellis Antiquitatis na 1990 suna bukatar rukuni 12 ne kawai a kowane ɓangare, a kan fili mai ƙafa biyu kowane gefe, a gama cikin awa ɗaya. Kulob da yawa suna ajiye rundunonin aro domin baƙo. Inda kulob yake da ƙarfi, shi yake zaɓar abin da za a buga. Inda ya yi rauni, jadawalin tallan kamfani ne yake zaɓa masa.

Ga mai karatu Musulmi akwai wata tambaya ta daban, game da wasa da 'ya'yan ludo da kuma ajiye siffar mai rai, batutuwan da malaman fiƙihu suka daɗe suna magana a kansu, kuma fagensu ne. Abin da tarihi ya nuna shi ne darasin bai rataya a kan ko ɗaya daga cikin biyun ba. Reisswitz da gutattakin dalma marasa siffa ya yi nasa. A 1876 wani hafsan Jamus, Julius von Verdy du Vernois, ya fito da salon da ya ajiye 'ya'yan ludo da jadawalin lissafi, ya bar hukunci a hannun gogaggen alƙali. Abin da ba a iya cirewa shi ne abokin karawa mai neman nasara da gaske, da hukuncin da ba ya hannun mai shirin.

Abin ɗauka

Yawancin masu karanta wannan maƙala ba za su taɓa yi wa sojan roba fenti ba, kuma babu laifi. Amma kusan kowannensu ya taɓa zama a taron da aka gabatar da shiri, na asibiti ko banki ko ma'aikata ko kamfen, aka tambaya ko akwai mai gyara, kowa ya dubi fuskar shugaba ya yi shiru. Irin wannan taro teburin Yamato ne. Ana fitowa daga cikinsa da kwanciyar hankali, sai ranar aiwatarwa a tarar da abin da wani ƙaramin ma'aikaci ya hango tun farko bai sami bakin faɗa ba.

Abin da ɗakin Liverpool ya yi, wanda kuma ƙananan kulob-kulob suke maimaitawa kowane mako ba tare da sun ɗauke shi wani babban abu ba, yana da sharuɗɗan da kowace hukuma za ta iya aro. A ba wani aikin zama abokin gaba, a kuma ba shi izinin ya yi nasara. A amince da dokoki kafin a fara. Idan sakamako ya fito ba yadda babba yake so ba, a rubuta shi yadda ya fito. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma shugaban da bai saba shan kaye a inda asarar 'yan gutattakin dalma ce ba, zai fara koyonsa ne a inda asarar ta mutane ce.